Hajiyar da ke Cikin Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je nema wa ƙanena aure a Tursa ba. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce daga bakina, domin a wancan lokacin ni mutum ne da ke tafiya masallaci da takalmi ya dawo gida babu, sai matata Luba ta tambaye ni in tsaya ina kallon ƙafafuna kamar na aro ne.

Ni dillalin albasa ne. Gidana yana Wurno, amma rayuwata tana kasuwar Goronyo. Aikin dillali kuwa baki ne da kai: ka riƙe sunan manomi, ka riƙe sunan baƙon da ya zo saye daga kudu, ka san wanda ya yi fushi da wani tun bara don kada ka haɗa su a kan buhu ɗaya. Ina taƙama da bakina, ba zan ɓoye muku ba. Ko a cikin dangi, duk inda za a je magana mai nauyi ni ake turawa gaba.

Sai ga shi abin da na fi sani a duniya shi ya ci amanata. Wata ranar kasuwa 'yan dako suna loda mota, ina tsaye a gindinta ina zuba surutu, buhu guda ya sulɓe daga can sama ya sauko mini a kafaɗa. Ya kai ni ƙasa, ƙeyata ta bugi ƙarfen motar. (Wasu mazan ana ba da labarin sun faɗo daga raƙumi, wasu sun yi karo da tirela. Ni albasa ce ta kayar da ni.) Na ɗan suma, aka yayyafa mini ruwa, na tashi ina dariya ina cewa ba komai. A asibiti aka ɗauki hoton kaina, aka ce ƙashi bai fashe ba, jini bai taru ba, in je in huta.

Na huta. Kumburin ya sace, ciwon kafaɗa ya tafi. Amma wani abu ya zauna a cikin kaina ya ƙi tashi. In na juya da sauri sai duniya ta biyo ni daga baya a makare. Hasken rana ya zama kamar ana soka mini tsinke a ido. Hayaniyar kasuwa, wadda a da ita ce abincina, ta koma kamar ana daka a tsakar kaina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sunaye. Mutumin da muka yi shekaru muna ciniki zai miƙo mini hannu, in riƙe hannun ina ta "Alhaji, Alhaji," ina jiran sunan ya fito, ya ƙi. Watanni suka shige a haka. Sai in kwanta in kasa barci ina tambayar kaina, shin haka hauka take farawa?

Kuma ban gaya wa kowa ba. Kun san halinmu. In ƙafarka ta karye za a zo dubiya da lemo da addu'a. Amma ka ce kanka ne, sai ka ga an fara yi maka magana a hankali, ana janye yara daga kusa da kai. Dillalin da aka ce kansa ya taɓu kuwa, wa zai damƙa masa albasar shekara?

Luba ce ta gaji da ni. Wata safiya ta same ni na dafe bango ina jiran ɗaki ya tsaya, ta ce, "Malam, wanga abu ya ishe ni. Ko ka tahi Sakkwato a duba ka, ko ni in tahi in hwaɗa ma Kawu."

Na tafi. Likitar da na samu mace ce, mai haƙurin sauraro. Ta sa na bi yatsanta da ido, ta sa na tsaya na rufe ido (na yi tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu), sannan ta ce ƙwaƙwalwata ce ta jijjigu lokacin da na bugu. Wasu suna warwarewa da wuri, wasu abin yakan daɗe tare da su. Ta dube ni sosai ta ce, "Ba hauka ba ce." Wallahi sai da na kawar da kai don kada ta ga idona.

Na zaci allura za ta rubuta. Sai ta ce in ba ta wayata. Ta sa mini wata manhaja a ciki, ta ce tunda zirga-zirga daga Wurno za ta yi mini wuya, wannan ce za ta riƙa sa ni atisaye kullum, ta tambaye ni yadda na kwana da yadda na wuni, in an samu sabis ta aika mata da amsoshin, ita kuma ta riƙa kirana lokaci-lokaci tana ƙara mini ko ta rage.

Na ce, "Likita, buhun albasa hwa ya buge ni. Waya ce za ta gyara?"

Ta ce, "Kai za ka gyara. Wayar tunatar da kai za ta yi."

A cikin manhajar akwai murya, ta mace, da Hausa tas. Irin muryar nan mai sanyi ta matar da ba a taɓa yi wa gaggawa ba a rayuwarta, shi ya sa na sa mata suna Hajiya. Ita za ta ce in miƙa hannu in ɗaga babban yatsa, in kafa masa ido, in riƙa kaɗa kai dama da hagu. Ita za ta ce in jera ƙafa ɗaya gaban ɗaya in rufe ido. Ita za ta ce in ja numfashi in riƙe in sake. Tana tambaya, kana amsawa da baki, tana ji. Ni kuwa da ba na iya yin shiru, sai na wuce amsa na koma hira. "Hajiya, yau kam kin matsa mani." "Hajiya, Allah ya saka." Duk wannan a cikin ɗaki nake yi, ƙofa a rufe, na toshe kunnuwa da igiyar nan ta sauraro da yara ke kira iyafis. Kuma in faɗi gaskiya, abin ya fara aiki. Jirin ya ragu, barci ya fara dawowa. Sai dai bai gama tafiya ba, yana nan a laɓe yana jiran ranar da zan fi buƙatar kaina.

Ana haka ƙanena Buhari, tela ne a nan Wurno, ya ga yarinya a Tursa. Mahaifinmu ya rasu, babban da ya rage mana shi ne Kawu Attahiru, wanda kunnensa ya yi nauyi har in ka ce masa "ina kwana" sai ya ce "amin." Don haka Kawu zai je a matsayin girma, ni kuma in yi magana. Waliyyin yarinyar baffanta ne, Malam Umaru, manomi mai mutunci wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama.

Luba ta ce, "Ka hwaɗa ma Buhari halin da kake ciki, ko don shi san abin yi in juwa ta kama ka."

Na ce, "Ke ba ki san mi aka bincike ba in za a ba mutum ɗiya? Hwarkon abin da aka tambaya shi na, akwai taɓin hankali ga danginsu? In wagga magana ta hita, na kashe ma yaron nan aure."

Ta ce, "Tau. Allah shi kiyaye." Yadda ta faɗe shi ban ji daɗi ba.

Muka kama hanya da hantsi cikin motar haya, don kowa ya san yanzu ba a son yamma ta yi wa mutum a waɗannan hanyoyin. Bazara ce, rana kamar ta sauko ta zauna a kan motar. Na naɗe kaina da mayafi don haske, na ce wa su Kawu mura ke neman kama ni. Daga Rabah zuwa Tursa motar nan ta yi ta jefa mu sama tana cafewa, kowane rami sai na ji ƙwaƙwalwata ta taɓa rufin kaina. Kafin mu isa na riga na san yau akwai magana.

Buhari ya tsaya can wajen mota a gindin bishiyar bedi, tunda mai neman aure ba ya shiga. Mu kuma aka kai mu zaure. An share shi, an shimfiɗa tabarmi, an turara shi da turaren wuta don girmama mu, kuma turaren nan shi ya ƙarasa ni. Dattawa sun cika wurin. Gaisuwa ta zagaya, ta sake zagayowa: ya gida, ya iyali, ya zafi, ya hanya. Kowace amsa sai na juya kai wajen mai magana, kowace juyawa kuma sai zauren ya ɗan karkata.

Da aka gama gaisuwa, duk ido ya dawo kaina. Na gyara murya. Na fara da kyau, wallahi na fara da kyau. Na yi salati, na yabi gidan, na ambaci zumuncin Wurno da Tursa. Na ce, "Abin da yak kawo mu, mun zo neman iri ne ga gida mai albarka. Muna roƙa ma ɗanmu Buhari auren ɗiyarku..."

Sunan ya tafi.

Sunan da Buhari ya cika mana kunne da shi har muka gaji. Na leƙa cikin kaina na tarar da fili fetal, kamar gonar da aka gama cire albasa.

Malam Umaru ya yi murmushi ya ce, "Wacce daga ciki, Alhaji? Allah ya hore muna su da dama."

Aka yi 'yar dariya. Na dubi Kawu ina roƙon agaji da ido. Kawu ya gyaɗa kai cikin gamsuwa ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Gumi ya karyo mini. Tabarma ta fara tafiya a ƙarƙashina. Na san in na ƙara zama zan kife a gaban mutane. Na ce a gafarce ni, zan kama ruwa. Na suri buta na fita ina taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya a kan kwalekwale.

Can gefen gidan akwai rumbunan gero a jere, da inuwa a bayansu. Na duba, babu kowa sai kaji. Na ajiye buta, na zaro igiyar sauraro ta ƙarƙashin riga, na toshe kunnuwa biyu, mayafi ya rufe su, na danna wurin da aka tanada don lokacin da jiri ya taso, na mai da waya aljihu.

"Sannu," in ji Hajiya. "Mu fara da numfashi."

Na ce, da ƙarfi ashe, don mai toshe kunne bai san ƙarar muryarsa ba, "Hajiya, ki rufa mani asiri. Yau kam kada ki kunyata ni gaban mutane."

Ta ce in gaya mata abin da nake ji. Na ce, "Ƙasa na juyawa. Kin san duk lokacin da abin ga ya taso sai ke."

Ta ce in miƙa hannu in kalli yatsa. Na miƙa, na kafa wa babban yatsana ido, na shiga kaɗa kai dama da hagu. Ta ce in jera ƙafafu in buɗe hannuwa in rufe ido. Na yi. Ina ta lilo kamar karan dawa, ina cewa, "Na bi, Hajiya. Duk abin da kic ce shi za ni yi."

Abin da ban sani ba (daga baya aka ba ni labari, kuma an ba ni shi fiye da yadda nake buƙata) shi ne, kakar yarinyar, wata tsohuwa da ake kira Inna Dije, ta zo ɗibar gero tun ina kan numfashi. Ta tsaya ta saurara, ta ga baƙo ya zuba wa yatsansa ido yana girgiza kai yana lallashin wata Hajiya da ba a gani. Ta ajiye ƙwarya ta koma da sanɗa. Ni kuwa idona a rufe, kunnena a toshe, har na fara jin sauƙi, har ina murmushi.

Da Hajiya ta ce in buɗe ido, sai na ga zauren gaba ɗaya ya taso ya zagaye ni. Malam Umaru, dattawa, Kawu da sandarsa, mata suna leƙe ta kan katanga, ga Buhari ya rugo daga wajen mota baki buɗe.

Kafin in ce uffan wasu ƙarti biyu sun riƙe mini hannuwa sun zaunar da ni. Limamin unguwar, wanda yana cikin masu karɓarmu, ya dafa goshina ya fara karatu yana tofawa. Wani ya kawo garwashi da habbatus sauda aka kara mini a hanci. Ina tari ina cewa, "Ku tsaya, ku tsaya in yi bayani," ina jin muryoyinsu sama-sama, ita kuma Hajiya tana cikin kunnena tana cewa in saki kafaɗuna.

Liman ya matso da bakinsa kusa da fuskata ya daka tsawa: "Ke! Wace ce ke? Mi as sunanki?"

Jama'a, ban san yadda Allah ya gina kan ɗan Adam ba. Sunan da na yi ta haƙa ina nema a zaure, a daidai wannan lokacin ya ga damar fitowa. Don murna ban san sanda na ɗaga murya ba:

"Saratu!"

Ta bayan katanga na ji wata mata ta ce, "Innalillahi, sunan ɗiyarmu!" Na dubi Buhari. Har in mutu ba na son in sake ganin irin kallon da yaron nan ya yi mini.

Na yunƙura zan tashi in gyara magana, ƙartin suka danne ni, hannun ɗayansu ya sarƙe da igiyar ya fizge ta daga jikin waya. Sai ga murya ta fito daga aljihuna, a fili, cikin sanyin nan nata:

"Ka yi ƙoƙari sosai yau. Kada ka damu, ina tare da kai. Gobe ma za mu ci gaba."

Ban taɓa ganin dattawa sun yi sauri irin na ranar ba. Ƙartin suka sake ni suka yi baya, mai garwashi ya watsar da shi, kaji suka tashi sama, liman ya ja baya yana ƙara ƙarfin karatu. Kawu kaɗai ya tsaya inda yake, don bai ji komai ba. Ya dube ni ya ce, "Kai, mi ka hwaruwa? Sun ba mu ko ba su ba mu ba?"

Na zaro wayar na ɗaga ta sama. Ina zaune a ƙasa, mayafi ya warware, hancina na zuba saboda hayaƙi, tofi na bin goshina. A haka, a gindin rumbun mutane, na faɗi duk abin da na yi watanni ina ɓoyewa. Buhun albasa, jiri, sunayen da ke gudu, likitar Sakkwato, manhaja. Na sake kunna ta suka ji da kunnensu tana cewa a ja numfashi. Inna Dije ta matso ta leƙa wayar ta ce, "Yo ita wagga ɗiya ba ta gajiya? Ina take kwana?"

Wasu suka fashe da dariya. Malam Umaru bai yi ba. Fuskarsa ta yi nauyi, ya tsaya yana kallon ƙasa. Na ce shi ke nan, na kashe auren da bakina, bakin da nake taƙama da shi.

Ya ce, "Alhaji, taso mu tahi ciki. Kai ɗai."

Na bi shi. Ya ratsa da ni tsakar gida har wani ɗaki da aka toshe tagarsa da buhu. A ciki akwai saurayi zaune a kan tabarma, ya kare idonsa da hannu saboda hasken da ya shigo da muka ɗaga labule.

Malam Umaru ya rage murya ya ce, "Ɗana ne, Nasiru. Bara masu tare hanya sunka buge shi ga kai da gindin bindiga. Rauni ya warke, amma tun sannan ba shi son haske, ba shi son hayaniya, sai mantuwa da hushi. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Yau da za ku zo, ni nac ce a rufe shi nan, kada ku gane shi ku ce muna da hauka ga dangi."

Na durƙusa kusa da yaron na tambaye shi, in ya juya da sauri, duniya takan biyo shi a makare? Ya sauke hannunsa ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Kai ma?"

Na gaya wa Malam Umaru gaskiya, cewa ni ba likita ba ne, kuma wayata ba za ta yi wa Nasiru komai ba sai an duba shi tukuna, don ciwon kai ba iri ɗaya ba ne. Na ce in ya yarda ni zan raka su Sakkwato. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Muka koma zaure. Na wanke fuska, na zauna, na sake ɗauko magana daga farko. Da na zo wurin suna, dattawan nan gaba ɗaya suka haɗa baki suka taya ni: "Saratu!" Aka ba mu. A mota, da muka wuce Rabah, Buhari ya ce, "Yaya, da ka hwaɗa mani, ai da na rubuta maka sunan ga tahin hannu."

An yi biki bayan sallah. Nasiru yana zuwa asibiti, an sa masa nasa atisayen, yanzu har yakan fito gona da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ni ma na samu sauƙi sosai, ko da yake har yau in kasuwa ta cika nakan nemi inuwa in zauna. Sai dai labari ya riga ni isa Goronyo. Yanzu ko ɗan dako ne zai gaishe ni sai ya ƙara da, "Alhaji, ya Hajiya?" Ni kuma in ce tana gaishe ka.

Abin da na koya shi ne, ciwon da ka hana shi fita ta bakinka cikin mutunci, zai jira sai ranar da ka sa babbar riga, ya tara maka jama'a ya yi bayanin da kansa. Sannan duk wanda zai rufe ido a bayan rumbun surukai, ya fara tabbatarwa tsohuwar gidan ta riga ta ɗebi geron ranar.